Hasashen waya ya ce 16, da asuba na ga 10

Uwar Kaji: Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji a bayan garin Kura, kuma tun da hunturun bana ya kankama nake duba hasashen yanayi a waya kafin in san yawan gawayin da zan hura wa 'yan tsaki. Daren Talata ya nuna ba za a sauka ƙasa da digiri 16 ba, sai na rage wuta, amma da asuba ma'aunin da na rataye a tsakar gida ya nuna 10, na kuma tarar da tsaki 11 sun mutu a lungu bayan sun danne juna. Laifin hasashen ne, ko ni ce ban iya karanta shi ba?

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Adadin da waya ke nunawa ba a ƙofar gidanki aka auno shi ba. Kwamfuta ce ke ƙiyasta shi ga yanki mai faɗin kilomitoci da yawa, kuma tashoshin awon da ake gyara lissafin da su ƙalilan ne a ƙasashenmu, galibi a filayen jirgin sama. Iska mai sanyi ta fi nauyi, saboda haka da dare takan gangara ta kwanta a kwari da fadama, irin wuraren noman rani na Kura da Kadawa. Ga shi kuma ƙa'idar awo kusan mita 2 ce daga ƙasa, tsakinki kuwa a ƙasan suke kwana.

Ɗan Kadawa: Gaskiya ne, Malam, amma kada a manta da hazo. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan tare rana da yini, da dare kuma ta riƙe ɗan ɗumi kamar mayafi. Daren da ta washe, taurari suka fito tar, iska kuma ta kwanta, shi ne daren da ƙasa ke zubar da zafinta, kuma a nan na fi ganin waya tana kuskure.

Hajiya Mai Ƙwai: 'Yar'uwa, a makon farko tsaki na buƙatar digiri 32 zuwa 35, don haka ko hasashen ya yi daidai, 16 ma sanyi ne a gare su. Ki mayar da ma'aunin cikin ɗakin, daidai tsayin bayansu, ki kuma leƙa su wajen ƙarfe uku na dare. Idan sun cunkushe kusa da wuta suna kuka, ki ƙara gawayi, amma ki bar kafar da iska za ta shiga.