Muhawara: Shin ɗora macOS a kan kwamfutar da ba Apple ya ƙera ba sata ce?

Injiniya: Assalamu alaikum. Maganar da muka soma jiya da daddare ba ta kai ƙarshe ba, don haka na ga ya dace in rubuta matsayina a tsanake, kowa ya duba ya gyara mini. Abin da na ce shi ne, mutumin da ya sayi bod da furosesa da katin hoto da kuɗinsa, ya haɗa kwamfutarsa da hannunsa, sannan ya ɗora mata macOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin Mac na kamfanin Apple, wato abin da masu harkar ke kira Hackintosh, bai saci komai ba. Tun shekarar 2013, da fitowar zubinta mai suna Mavericks, kamfanin Apple ya daina karɓar kuɗi a kan wannan manhaja, kyauta ake sauke ta. Kuma tun da Steve Jobs ya sanar a watan Yunin 2005 cewa za su bar furosesan PowerPC su koma Intel, kayan cikin Mac suka zama kusan iri ɗaya da na kowace kwamfuta. Abin da ya rage kawai ƙofa ce da aka sa wa kwaɗo: manhajar tana neman wani ɗan guntu mai suna SMC kafin ta yarda ta tashi, mu kuwa mukan yi amfani da wasu ƙananan manhajoji, OpenCore da VirtualSMC, su tsaya a madadinsa. Ban rage wa Apple ko sisin kwabo ba, ban ɗauke wa kowa nasa ba. Ina satar take?

Barista: Wa alaikumus salam. Injiniya, ka haɗa abubuwa biyu da doka ta raba. Ƙarfen da ka saya naka ne, babu mai ja da kai a kan wannan. Manhajar kuwa ba a sayar maka ba, kuma ba a mallaka maka ita ba, izinin amfani aka ba ka, kuma takardar izinin da kake danna "na yarda" a kanta ta faɗa a sarari cewa a kan kwamfuta mai tambarin Apple kaɗai aka yarje maka. An taɓa gwada irin hujjarka a kotu. A 2008 wani ƙaramin kamfani a jihar Florida ta Amurka mai suna Psystar ya fara sayar da kwamfutoci ɗauke da Leopard, zubin manhajar Mac na wancan zamani, a lokacin da ake sayar da faifan manhajar dala 129, yana cewa tun da ya sayi faifan, yana da ikon yin abin da ya ga dama da shi. Apple ya kai ƙara a watan Yulin shekarar, kuma a watan Nuwamban 2009 alƙali William Alsup ya yanke cewa Psystar ya keta haƙƙin mallaka, ya kuma karya dokar 1998 da ta hana ɓalle makullin da aka sa wa manhaja. Kamfanin ya amince da biyan kimanin dala miliyan 2.7, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2011, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2012. Idan wanda ya ce ya biya kuɗin faifai bai tsira ba, wanda ya sauke kyauta bai fi shi hujja ba. Kada kuma a ce wannan dokar Amurka ce kaɗai, domin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ƙunshi manhajar kwamfuta, ta kuma hana ɓalle irin wannan makulli.

Injiniya: Barista, Psystar ɗan kasuwa ne, yana kwafar manhajar mutane yana zuba wa kwamfutoci yana sayarwa. Ni kuwa a ɗakina nake, kwamfuta ɗaya ce, ba na sayar wa kowa. Ai akwai bambanci tsakanin wanda ya ɗebi ruwa a rijiyar maƙwabci ya sha da wanda ya cika jarkoki ya tura kura cikin gari.

Barista: Akwai bambanci a girman laifi da kuma wanda kamfanin zai ɓata lokacinsa ya bi, na yarda da kai a nan, domin masu sayarwa Apple ya sa a gaba. Amma rashin a kama mutum ba ya mayar da sharaɗin da ya karya ya zama babu shi. Ni ma ba zan kira ka ɓarawo ba, kalmar ta yi nauyi kuma ba ita doka ta yi amfani da ita ba. Abin da zan ce shi ne ka saɓa yarjejeniya.

Malam: Na karanta bayananku duka biyu, Allah Ya saka da alheri. Zan tsoma baki ta fuskar da na fi sani. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa da tambarin kasuwanci dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a yi ta'adi a kanta. Sannan ga ayar farko ta Suratul Ma'ida da ta umarce mu da cika alƙawura, ga kuma hadisin da ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. To, Injiniya, lokacin da allon nan ya fito maka da dogon rubutu ka danna yarda, alƙawari ka ɗauka, ko da ba ka karanta ba. Misalin rijiyar da ka kawo yana da kyau, sai dai ka manta cewa mai rijiyar ya rubuta a bakinta cewa mutanen gidansa kaɗai ya yarje wa.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ina neman ƙarin haske. Ai ba kowane sharaɗi ne shari'a take tabbatarwa ba. Na tuna ƙissar Barira, da masu ita suka sa wa Nana Aisha sharaɗin cewa wala'i, wato haƙƙin gādon wanda aka 'yanta, nasu ne bayan ta saye ta ta 'yanta ta, Annabi (SAW) ya ɓata sharaɗin ya bar cinikin. Idan mutum ya sayar mini da garma ya ce kada in yi huɗa da ita sai da shanun da na saya a wurinsa, ashe wannan ba sharaɗi ne da ya saɓa wa manufar ciniki ba?

Malam: Madalla da wannan tambaya, ita ce ainihin wurin da maganar take da wuya. Gaskiya ne malamai sun yi bayani mai tsawo a kan sharaɗin da ke ƙuntata wa mai saye a cikin abin da ya mallaka, kuma da yawansu sun ɓata shi. Da a ce Apple ya sayar maka da kwamfutar ya ce kada ka ɗora mata Windows ko Linux, da hujjarka ta yi ƙarfi ƙwarai, domin ƙarfen ya zama naka. Amma kai da bakinka ka ce ba ka biya kuɗin manhajar ba. Abin da ba a sayar maka ba ya fi kama da aro, mai bayar da aro kuwa yana da ikon cewa ka hau dokina zuwa Bichi, kada ka wuce da shi Katsina. Kuma kyautar ba ta faɗo daga sama ba, kuɗin masu rubuta manhajar yana cikin farashin kwamfutar da kai ba ka saya ba. Ba na cewa hukuncinka hukuncin ɓarawo ne, haddi ba ya shiga nan ko kaɗan, amma zuciyata ba ta natsu da cewa babu komai ba.

Hajiya: Ku yi mini afuwa, ni ba ta fuskar doka zan zo ba, ta fuskar wadda ta ci kasuwar zan zo. Ina da ƙaramin ɗakin tace bidiyo a Kano, yawancin aikinmu na biki ne da tallace-tallace, kuma yarana sun saba da manhajar tace bidiyo ta Final Cut Pro, wadda a kwamfuta ba ta aiki sai a kan macOS. Wani mai gyara ya haɗa mini irin wannan kwamfuta da katin hoto na Nvidia, ta yi mana aiki lafiya lau a kan zubin macOS mai suna High Sierra, har na riƙa yi wa abokan sana'a tallarta. Da Mojave ta fito a 2018 sai aka wayi gari babu direba, wato ƙaramar manhajar da za ta tafiyar da irin katin nawa, ga shi sababbin fitowar manhajar tacewar suna neman sabuwar macOS. Dole na sake sa kuɗi na sayi katin AMD RX 580. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da wani yarona ya danna sabuntawa saura kwana biyu mu miƙa bidiyon ɗaurin aure, kwamfutar ta tsaya a baƙin allo da rubutu yana gudu, mai gyaran kuma ya yi tafiya. Na kwana biyu ina ba uwar amarya haƙuri. Injiniya, kai idan taka ta lalace kana buɗe fayil ka gyara, mu kuwa da ake haɗa wa mu biya, araharta ba ta kai yadda ake faɗa ba.

Injiniya: Hajiya, ranki ya daɗe, abin da ya same ki shi ne dalilin da ya sa ba na haɗa wa kowa don kuɗi, kuma ina ganin wanda ya haɗa miki bai kyauta ba da bai gaya miki cewa babu mai ɗaukar nauyinta ba. Wannan harka ta mai son koyo ce, wanda zai zauna ya fahimci abin da ƙananan manhajoji irin su Lilu da WhateverGreen da AppleALC suke yi, ya san cewa macOS Sonoma ta 2023 ta zubar da tsofaffin katunan Wi-Fi na Broadcom da muka daɗe muna dogaro da su, ya kuma ajiye kwafin komai kafin ya taɓa sabuntawa. Akwai wani abu kuma da ni kaina nake ɗauka zalunci ne tsantsa. Domin iMessage da iCloud su yi aiki sai kwamfutar ta nuna lambar siriyal irin ta Mac, to wasu sukan ɗauki lambar Mac ta gaske ta wani bawan Allah su liƙa wa tasu, abin da zai iya jawo masa matsala a asusunsa bai ji ba bai gani ba. Wannan ba na kare shi.

Amma ku bar ni in ƙara abu ɗaya a kan asalin maganar. Apple da kansa ya taɓa ba wasu kamfanoni lasisin ƙera kwamfutoci masu ɗauke da manhajarsa daga 1995 zuwa 1997, irin su Power Computing da Motorola da UMAX, sai da Jobs ya dawo ya ga suna cinye masa kasuwa ya rufe ƙofar. Ke nan ba wai manhajar ba ta iya zama a wani gida ba ne, lissafin riba ne kawai. Ina da damar ganin wannan lissafi bai yi wa irinmu adalci ba.

Barista: Kana da damar ganin haka, har ma ka rubuta ka soki kamfanin, ko ka ƙaurace masa ka koma Linux wadda lasisinta ya ba ka duk 'yancin da kake nema. Labarin 1997 ɗin kuwa ni yake ƙarfafa wa, domin ya nuna mai abu ne ke buɗewa ya kuma rufe.

Auta: Yayyena, ni ne ƙarami a nan amma ni abin ya fi shafa. Ina koyon rubuta manhajar waya, kuma duk wanda zai haɗa manhajar iPhone ya tura ta App Store sai ya bi ta Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajoji, ita kuwa a kan macOS kaɗai take tashi, bayan dala 99 da ake biya duk shekara na rajista. Da kuɗin makaranta da ƙyar ake haɗawa, ina zan samo kuɗin Mac a wannan canjin dala? Allah gafarta Malam, shin wannan bai shiga babin larura ba?

Malam: Ɗana, na tausaya maka ƙwarai, kuma niyyarka ta neman sana'a abin yabo ce. Sai dai larurar da ke halatta abin da aka hana ita ce wadda rai ko lafiya ko makamancinsu ke cikin haɗari kuma babu wata hanya. Taka buƙata ce mai ƙarfi, amma akwai hanyoyi. Kana iya fara da Android, wadda kayan aikinta ke tafiya a kan kwamfutar da kake da ita, kuma ita ce a hannun yawancin mutanenmu, ka tara abin da ka samu.

Injiniya: A nan, Auta, ko ni ba zan ba ka shawarar ka sa kuɗinka a Hackintosh ba, duk da ban janye matsayina a kan halaccinta ga mai koyo ba. Tun Nuwamban 2020 da Apple ya fitar da furosesansa na M1 aka fara naɗe tabarmar. Sashen hoto da ke cikin furosesan Intel daga zuriya ta 11 zuwa sama ba ya aiki da macOS, katunan AMD na jerin RX 7000 ma haka, Mac Pro ta 2019 wadda ita ce ta ƙarshe mai Intel da ta rage a kasuwa an daina sayar da ita a 2023, kuma a watan Yunin 2025 kamfanin ya faɗa da bakinsa cewa macOS 26 Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta hau Intel. Tun da App Store yakan tilasta amfani da sabuwar Xcode, kwamfutar da za ka haɗa yau ba za ta daɗe tana yi maka aikin da ka haɗa ta dominsa ba. Mac mini mai M4 ta fito a 2024 a kan dala 599, abin da ya sa farashin masu M1 na hannu ya sauko. Ka nemi ta hannu mai M1, ka tabbata mai ita ya fitar da asusunsa na iCloud a gabanka kafin ka biya, allo da madannai kuwa ina da tsofaffi a shago da zan ba ka.

Hajiya: Auta, idan aikin turawar ne kawai, yanzu Mac mini biyu gare mu a ɗakin tacewa, kuma ɗaya ba ta aiki ranar Juma'a da safe. Ka zo da aikinka a filasha, ka shiga da asusunka, ka fita da shi idan ka gama.

Auta: Na gode, Hajiya, Allah Ya ƙara buɗi. Zan zo wannan Juma'ar da ƙarfe tara in sha Allahu.