Me ya sa idan an ɗauko Nijar daga sama rairayi kawai ake nunawa?

Malam Idi, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. A shirye-shiryen talabijin da ake ɗauko nahiyar Afirka daga sama, ana daɗewa a kan dutsen Kilimanjaro da kogin Zambezi da garkunan namun dajin Serengeti, amma da an iso ƙasarmu sai a nuna tuddan rairayin Tenere a wuce, kamar babu mai rai a cikinta. Ina son masu sani su bayyana mini yadda ake wannan ɗauka har hoton ba ya rawa, da kuma dalilin da ya sa ba a ganin Adar, yankinmu na Tawa, ko kaɗan.

Sani, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. A da, jirgi mai saukar ungulu ake haya, a ɗaura masa kamara cikin wani ƙoƙo mai na'urar da ke shanye girgiza, shi ya sa hoton yake tafiya sumul ko da iska tana kaɗa jirgin. Yanzu ƙananan jirage marasa matuƙi sun rage tsadar aikin sosai, ko da yake sai da izinin hukuma ake tashinsu. An fi ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya, domin a lokacin ne inuwa take tsawo, tudu da kwari su bambanta. Zaɓen wurare kuwa yana hannun mai biyan kuɗi, kuma yawancin tashoshin na Turai ne, masu kallonsu hamada suka sani.

Hajiya Rabi, Keita:
Sani, ɗana, ka yi bayani, amma abin da ke ci mini rai shi ne, daga sama ne aikin hannun talakanmu ya fi fitowa fili. Tun 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya, kuma mata ne suka fi ɗaukar duwatsun da aka jera don tare ruwa a kan faƙo. Wanda ya leƙo daga sama zai ga ramukan tara ruwan sama masu siffar rabin wata jere a jikin tuddai, zai kuma ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 domin kare gero daga iska. Hotunan sama ne ma suka tona wa duniya cewa itatuwa sun ƙaru a gonakinmu, lokacin da masu bincike suka gwada na 1975 da waɗanda aka ɗauka shekaru talatin bayan haka, suka ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da manoma suka farfaɗo, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, ta hanyar barin gawo da sauran tsiro su girma. Wannan bai isa a tsayar da kamara a kansa ba?

Alhaji Musa, Agadas:
Hajiya, gaskiyarki, sai dai ita ma hamadar ba a yi mata adalci. Akwai ayarin gishiri zuwa Bilma da Fashi, akwai ramukan gishirin Tegidda masu launi iri-iri, ga hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27. Shawarata ga matasanmu masu kamara ita ce su tashi jirginsu a ƙarshen damina, kafin hazo ya sauko, domin a lokacin tabkuna suna cike kuma gero yana tsaye.

Malam Idi, Tawa:
Na gode muku. Sani, idan za ka iya zuwa cikin Satumba, masauki yana wuyana, sai mu fara da kwarin Majiya.