Baba ya daina jin kabbarar liman, ina za mu dosa?

Autan Baba, Daura:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan mahaifinmu. Shekararsa 67, ya yi sama da shekara 30 a kan injin niƙa a nan Daura, shi da kansa yake tsayuwa a bakin injin tun hantsi har la'asar. Jin nasa ya daɗe yana ja da baya, mu kuwa a gida muka mayar da abin raha, Inna tana cewa abin da ya ga dama ne kawai yake ji. Sai azumin bana jikina ya yi sanyi. Ina sahun bayansa a tarawihi, liman ya yi kabbara, kowa ya tafi ruku'u, Baba yana tsaye ƙiƙam sai da na kusa da shi ya taɓa masa gwiwar hannu. Bai ce uffan ba a hanya. Washegari ya ce shi a ɗaki zai riƙa sallarsa.

Idan namiji mai kaurin murya ya yi magana yana kamawa, amma Inna da jikoki sai ya ce suna cinye magana. Da dare kuma ya ce kunnen na yi masa ƙara kamar ba a kashe injin ba.

Yayanmu ya sayo masa wata 'yar na'ura a kasuwa a Kano, naira dubu 18. Kwana 2 ya sa ta. Sai fito take yi, ƙarar cokali a kwano ta fi maganar mutum fitowa, ya cire ya cusa a aljihun wata tsohuwar riga. An ɗiga man zaitun, an yi hayaƙi, shiru. Akwai magani ko aikin da ke dawo da ji, ko haƙuri za mu yi?

Nas daga Ƙofar Kaura:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Auta, kafin ku sake kashe ko sisi, ku kai shi a leƙa kunnen a kuma yi gwajin ji. Rashin ji kashi biyu ne. Akwai wanda sauti ne ya kasa wucewa: datti ya toshe, ko dodon kunne ya huje, ko ruwa ya taru a bayansa. Wannan ana wankewa, ana ba da magani, dodon da ya huje ma ana yi masa faci a tiyata. Na sha ganin dattijon da aka ce ya kurumce, aka ciro masa dunƙulen datti kamar ƙwallon dabino, ya fita yana cewa mu daina yi masa ihu.

Kashi na biyu a can ciki yake, a wani ɗan gurbi mai kamar dodon koɗi. Akwai wasu ƙananan gasu a ciki masu mayar da sauti saƙo zuwa jijiya. Ƙara da tsufa suna kashe su, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa, babu allura ko ƙwayar da ke tayar da su. Masu ɗaukar siririyar murya su ke fara tafiya, shi ya sa muryar mata da yara ta fara ɓace masa. Ƙa'idar wurin aiki ita ce kada ƙara ta wuce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na awa 8 a rana, kuma duk injin da sai ka ɗaga murya kafin na gabanka ya ji ka, ya kai wajen nan. Daga bayaninka na fi zargin wannan, amma gwaji ne zai raba gardama.

Ku je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano. Akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, tun 1999 aikinsu ke nan. Gwajin ba zafi: a sa masa abin sauraro a ɗaki marar hayaniya, duk sanda ya ji ɗan sauti ya ɗaga hannu.

Abin da yayanku ya sayo kuwa lasifika ce kawai, komai ta samu ɗagawa take. Na'urar kunne ta asibiti ana saita ta ne da takardar gwajin, ta ɗaga wurin da ya rasa ta bar sauran.

Malam Tsohon Hedimasta:

Yarona, shekarata 6 da na'ura a kunne biyu, bari in faɗa maka abin da ba a rubutawa a kwali. Makon farko azaba ne. Takun takalmina ma sai da ya dame ni, muryata kamar ina magana a cikin randa. Na fara da awa 2 a tsakar gida, ina ƙarawa, sai da na yi wata guda kafin in shiga kasuwa da ita. Fiton da ka ce, yawanci robar da ke shiga cikin kunnen ce ba ta zauna daidai ba. A auna kunnensa a yi masa tasa. Batir nawa lamba 13 ne, yana kai ni kamar kwana 10, kuma idan ka ɓare takardar bayansa ka bar shi minti guda ya sha iska kafin ka sa. A cire lokacin alwala da wanka. Da hunturu ƙura ce matsala, da damina laima.

Babban aikinku ba kuɗin ba ne, shawo kan Baba ne. Ni ma kunya ta hana ni shekara 2, wai kada a ce kurma. Kada ku taru a kansa ku yara. Ku samu amininsa ya yi masa maganar. Kuma ku daina ƙwala masa kira daga bayan ƙofa, ku fuskance shi ya ga bakinku.

Ɗan Mashi:

Ni dai an ce akwai aikin da ake dasa na'ura a cikin kai mutum ya warke sarai. Me zai hana?

Maman Khalifa:

Ɗan Mashi, mun bi wannan hanyar da ɗana bayan sanƙarau ya tafi da jinsa yana shekara 4. Dashen na wanda na'urar kunne ba ta yi masa komai ne, ba irin Baba mai jin muryar maza ba. Kuɗinsa miliyoyi ne, bayan aikin kuma akwai dogon horon sauraro. Mu an ce mana bayan sanƙarau gurbin nan na cikin kunne yana iya zama ƙashi, don haka ba a jinkiri, mu kuma ba mu da hali. Yanzu yana makarantar kurame ta Malumfashi, duk gidanmu mun iya maganar hannu, har kakarsa tana yi masa faɗa da ita.

Nas daga Ƙofar Kaura:

Na manta abu guda, don masu karantawa: wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ya tafi asibiti a ranar. Wannan yana da magani, amma a makonni 2 na farko ya fi ci. A kuma daina sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza.

Autan Baba, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, shawararka muka bi: limamin unguwarmu ne ya same shi, suka rufe ɗaki, ban san me suka ce ba. Ranar Talata muka shiga motar Katsina. An ciro datti a kunnen hagu, amma gwaji ya nuna jijiya ce a duka biyun, na dama ya fi muni. An auna kunnen, an ce mu dawo bayan mako 3. Likita ya ce ya bar bakin injin, ko ya riƙa toshe kunne. A mota Baba ya ce zai bar wa yaronsa injin, amma kuɗin niƙa shi zai ci gaba da karɓa, wannan ba ya buƙatar kunne.