Gyaran binciken tsawon taki: abin da masu lissafi a Maraɗi suka tsayar

Bakin masu rubuta manhajar lissafi da suka tattauna a Maraɗi ya zo ɗaya: in binciken tsawon taki (zaɓar nisan da za a matsa a kowane zagaye na neman mafi ƙanƙantar ƙima) ya cije, gangara (lissafin yadda ƙima ke hawa ko sauka) ce abin tuhuma na farko. A gwada ta da bambancin ƙima gaba da baya, da tazarar 0.000001. Kuskuren alama ɗaya ya isa ya sa sharaɗin Armijo, mai buƙatar ƙima ta ragu yadda ya kamata bayan taki, ya ƙi cika kome ƙanƙantar takin. Sannan a duba cewa ninkin gangara da alkiblar da ake bi yana ƙasa da sifiri. In ba haka ba, hawa ake yi, sai a share tarihin L-BFGS (hanyar da ke zaɓar alkibla daga takun baya da ta adana) a bi kishiyar gangara.

An fi daɗewa kan sharuɗɗan Wolfe guda biyu: na farko shi ne na Armijo, mai ma'auni c1, na biyu kuma, mai ma'auni c2, yana hana taki yin gajarta da yawa. A bar c1 a 0.0001, c2 kuwa 0.9 ga BFGS (hanyar da L-BFGS ta samo asali daga gare ta), amma 0.1 ga hanyar CG (conjugate gradient, wata hanyar zaɓar alkibla). Cire sharaɗi na biyu don neman sauri ganganci ne: ninkin s (canjin wuri) da y (canjin gangara) na iya zama sifiri ko ƙasa, sabuntawar BFGS ta lalace. In hakan ta faru, a tsallake ta.

Takin gwaji ya zama 1, ban da zagayen farko, inda ake raba 1 da girman gangara. In ƙima ta fito NaN (wato ba lamba ba), a rage takin da rabi, a tsaya a gwaji 20 da saƙon kuskure bayyananne.

Kusa da mafita, float32 (tsarin adana lamba a bit 32) kan haɗiye bambancin ƙima, don haka a koma float64 mai bit 64. Bayan kowane gyara a gwada lissafin gwaji na Rosenbrock daga (-1.2, 1), a ga ya sauka (1, 1).