Musayar Waƙa: Waya Ta Iya Tuɓe Rawani, Naɗi Fa?

Tsohon Malami:
Assalamu alaikum. Ga abin da ke cin raina. Mai amsa ya amsa da baiti, ban da dogon turanci.

Da sunan Allah zan buɗe da tambaya,
Kan 'yar abar nan ta aljihu da ake kira waya.
Disambar 2010, can ƙasar Tunisiya,
Bu'azizi mai tallan kayan lambu ya sha wuya.
An ƙwace kayansa, ya kai kuka, an juya masa baya,
Ya cinna wa kansa wuta, labari ya zaga duniya.
Wata bai cika ba Ben Ali ya kama hanya,
Shekara 23 kan karaga, ya tsere Saudiyya.
Masar ta ɗauka, dandalin Tahrir ya cika gaba ɗaya,
Mubarak ya yanke intanet, taro bai ragu ba ko ɗaya.
Kwana 18 kacal ya sauka cikin kunya,
Na yi tafi a lokacin, na ce an gama da danniya.
2013 soja ya dawo, aka koma gidan jiya.
Tuɓe rawani ta iya. Naɗa na kirki fa, ta iya?

Ɗan Zamani:
Baba, ina gaisuwa, a yi mini afuwa,
Laifin da ka ɗora wa waya ya girme ta da haihuwa.
Ruwanda, 1994, babu manhajar tattaunawa,
Rediyo ya kira mutane kyankyasai, aka bi su ana sarewa.
Kwana 100, rayuka wajen 800,000 sun tafi ba dawowa,
Hitler ma da rediyo da lasifika ya ja Jamusawa.
Mai romon baka ba ya rasa dokin hawa,
Muddin ga matasa da takardu, babu aikin kamawa.
Bangaladash, 2024, kan rabon guraben aiki aka fara jayawa,
An rufe intanet, ɗalibai suka ƙi watsewa,
Ƙarshe Firaminista Hasina ce ta nufi Indiya da gaggawa.
Waya 'yar rakiya ce, Baba, wutar a ƙirji take ruruwa.

'Yar Alƙalami:
Ƙanena, ka yi ƙoƙari, amma tsaya in tambaye ka,
Rediyon da ka ambata, ya san sunanka?
Ya san ƙarfe nawa kake kwanciya, da abin da ke tsorata ka?
Ya san hoton da ka tsaya kallo, da wanda ya fusata ka?
Murya ɗaya yake yi wa kowa, kai da maƙwabcinka,
Waya kuwa kowa da tasa ƙaryar, an ɗinka ta daidai wuyanka.
A 2018 asirin kamfanin Cambridge Analytica ya tonu, in tuna maka,
Bayanan mutum har miliyan 87 daga Facebook aka ɗauka.
Aka ci Facebook tarar dala biliyan 5 a Amurka,
Ya biya, ya karkaɗe riga, ya ci gaba da harka.
Hajar da suke kai wa masu talla ita ce lokacinka,
Kuma sun gano fushi ya fi komai riƙe ka.
Tambayi Rohingya sama da 700,000 da iyaka suka tsallaka,
Daga Miyanma, bayan an cika shafuka da kiran a hallaka.
Facebook ya amsa bai yi abin da ya isa ba, bayan an gama kuka.
'Yar rakiyar da ke zaɓa maka hanya, anya ba ita ke jan ka?

Na Gefe:
Kun tsaya kan doki, ni mahayin nake kallo.

Ɗan siyasar nan mai raba jama'a gida biyu, mu da su,
Attajiri ne, amma ya ce shi ne bakin talakawa da kukansu.
Kotu ta ba shi gaskiya, alƙalai adalai. Ta hana shi, an saye su,
'Yan jarida suka yi tambaya, maƙiya ne, a toshe bakinsu.
In ya ci zaɓe, jama'a sun yi magana. In ya faɗi, an sace ƙuri'unsu.
6 ga Janairu 2021 magoyan Trump suka fasa majalisa da hannunsu,
8 ga Janairu 2023 na Bolsonaro a Brazil suka bi sawunsu,
Majalisa, kotun ƙoli, fadar shugaba, duk sun kutsa cikinsu.
Sai dai, Yaya, masu bin sa kar mu raina hankalinsu,
Masana'antu sun rufe, ba wanda ya leƙo garuruwansu.
A 2008 aka ceto bankuna, su aka bar su da bashinsu,
Shi kaɗai ya ambaci ciwon, ko da maganin jabu ya miƙa musu.

Tsohon Malami:
'Yata, baitinki ya taɓa ni inda ke mini ciwo. Bari in tona wa kaina asiri.

Daren jajibirin zaɓe na kasa barci, na jawo waya,
Ga bidiyon ɗan takarar da na tsana, yana zagin talaka ba kunya.
Murya tasa, fuska tasa, har tarin da yake yi in ya tsaya,
Ban tambaya ba, ban jira safiya ba, na tura gaba ɗaya.
Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce haɗi ne, ƙarya,
Na ce an saye ka, ya ce tsufa ya taɓa maka ƙwaƙwalwa, Yaya.
Kwana uku aka gano na'ura ce ta kwaikwayi murya,
Yau wata bakwai, ko a hanya muka haɗu sai kowa ya juya ƙeya.
Shekara 30 ina koya wa yara su tantance gaskiya,
Daƙiƙa 40 na bidiyo suka kayar da ni a tsakar hanya.

Ɗan Zamani:
Allah ya daidaita ku, Baba. Bidiyon fa, ka goge shi?

Tsohon Malami:
Na goge nawa, ɗana. Mutum 43 na tura wa a daren. Shekaranjiya wani tsohon ɗalibina ya turo mini shi, ya ce Malam ka ga wannan kuwa?