Idan fitilar gargaɗin iskar taya ta kunnu

Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu kan abin da direba zai yi idan wannan fitilar ta kunnu a motarsa sun yarda cewa matakin farko shi ne lura da yadda fitilar TPMS, wato na'urar da ke lura da iskar tayoyi, ta kunnu. Idan ta tsaya cak, iska ce ta ragu, galibi da kusan kashi 25 cikin 100. Idan kuwa ta yi ta ƙiftawa na kimanin minti ɗaya kafin ta tsaya, na'urar ce da kanta ta samu matsala.

An jaddada a auna iska da safe, kafin tayoyi su ɗauki zafi, a kuma bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, domin wanda ke gefen taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ne. Sanyi kaɗai yana rage iska, shi ya sa fitilar kan mutu bayan an ɗan yi tafiya tayoyin sun ɗauki zafi. Idan taya ɗaya ce ke yawan sacewa, a shafa ruwan sabulu a bakin bawul a duba ko kumfa zai tashi.

Batirin na'urar da ke cikin kowace taya yakan yi shekara 5 zuwa 10, kuma a rufe yake, sai dai a sauya ta ɗungurungum. Motocin da ke dogara da na'urar ABS, mai hana tayoyi kullewa lokacin taka birki, wajen gano raguwar iska kuwa suna buƙatar a sake saita su bayan an ƙara iska.