Yoyon man sitiyari da taurin birki a lokaci guda: abin da ya same mu

Mai Camry, daga Mabera:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman wanda irin wannan ta taɓa samu ya ba ni haske kafin in zuba kuɗi. Motata Toyota Camry ce ƙirar 2005 mai shan fetur, kuma mako uku ke nan kullum da safe nake tarar da ɗigon jan mai a ƙasa ta gefen fasinja, sitiyarin kuma yana kuka duk lokacin da na murɗa shi zan fita daga gida. Na yi ta ƙara mai ina lallaɓawa. Shekaranjiya a shataletalen Gidan Man Ada da ke Sakkwato na taka birki sai na ji kamar dutse na taka, da ƙyar na tsaya a bayan wani mai Keke Napep. Bakaniken da na kai wa bai ko leƙa ƙasan motar ba ya ce sai an canja rak ɗin sitiyari, wato dogon ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, da bustar birki gaba ɗaya. Shin yoyon ne ya kashe birkin?

Tsohon bakanike, daga Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna. A irin motarka babu abin da ya haɗa man sitiyari da birki, domin busta, wato baƙin tulun nan da ke manne a bayan mazubin man birki, da zuƙar iskar inji take aiki ta wani tiyo mai kauri wanda yake ɗauke da ɗan bawul da ke barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. Ga gwajin da nake yi wa kowace mota kafin in ɗauki sufana: ka kashe inji, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka riƙe shi a take, sannan ka tayar da motar. Idan fedar ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka, bustar tana da rai. Idan ba ta motsa ba, ka fara da tiyon da bawul ɗin, ka kasa kunne ko za ka ji huci kamar na kububuwa, domin zafin da muke sha daga Maris zuwa Mayu, wanda yakan wuce digiri 40, yana busar da roba har ta tsage a bakin kilif.

Shi kuwa yoyo, ba a gane asalinsa a jiƙaƙƙen inji da ƙura ta lulluɓe. A wanke wurin tas, a bari ya bushe, a tayar da mota wani yana murɗa sitiyari kai kana haskawa da tocila. Mai yana gangarowa ne daga sama, saboda haka rak yakan sha zargin laifin da famfo ko tiyo suka yi. Idan kana son ka tabbatar da rak ɗin, ka sassauta kilif ɗin robar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kowane gefensa: in mai ya zubo daga cikinta, to sil ɗin ciki, wato robar da ke tare mai, ya mutu, in kuwa a bushe take, a bar maka abinka.

Direban Hilux, hanyar Illela:

Baba ya faɗi gaskiya a kan motar fetur, amma ni abin da ya same ni ya sha bamban. Tsohuwar Hilux nake ja mai injin dizal ƙirar 5L, kuma shi dizal ba ya ba da zuƙar da busta ke buƙata, shi ya sa aka ɗora masa ƙaramin famfon iska a bayan altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, wadda bel ke juyawa. Famfon sitiyarina ya yi ta tsiyaya a kan bel, ni kuwa ina ganin ƙaramin abu ne, har ranar da na taso daga Gwadabawa da lodin albasa, bel ɗin ya fara santsi yana ƙara, fitilar batir ta kama, birki ya ƙi nutsewa. Da giya na rage gudu har na samu na sauka gefen titi. Ko bayan an gyara yoyon sai da na sa sabon bel, domin wanda ya sha mai ba ya ƙara kamawa komai ɗaurin da aka yi masa.

Malamar makaranta, daga Arkilla:

Ni nawa kuskuren a kan mai ne. Honda Accord gare ni, wani yaron gareji ya cika mini da jan man giya irin wanda ake zuba wa Toyota, alhali Honda nata man sitiyarin daban ne, kuma an rubuta hakan a kan murfin. Bayan 'yan watanni famfon ya soma kuka yana jiƙewa. Alhaji, ka karanta murfin motarka da idonka, kuma kada ka yarda a zuba man birki a wurin ko da a kan hanya ka maƙale, domin yana cinye robobin ciki.

Tsohon direban ofis, daga Gawon Nama:

Don amfanin masu manyan motocin Amurka, akwai waɗanda a cikinsu famfon sitiyari ne da kansa yake taimakon birki, kamar wata Chevrolet Suburban da na ja shekaru. Ba za ka ga baƙin tulu ba, sai wani dunƙulen ƙarfe da tiyoyin mai suka shiga cikinsa. Ranar da tiyona ya fashe a kusa da Bodinga, sitiyari ya fara yin nauyi, birkin ya ba ni taki biyu masu kyau daga ɗan matsin da yake ajiyewa, na uku kuwa sai da na miƙe a kansa da ƙafa biyu.

Mai Camry, daga Mabera:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na yi gwajin da ka ce, fedar ba ta motsa ba, kuma da na buɗe bonet na ji hucin da kunnena. Tiyon bustar ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, har ɗan yatsana yana shiga. Na kai wani gareji dabam aka wanke injin, sai ga mai yana tsartuwa daga tiyon matsi, wato wanda ke kai mai daga famfo zuwa rak, daidai inda aka matse roba da ƙarfe, robobin rak kuma a bushe suke. An so a naɗe mini tiyon matsin da roba a ɗaure da waya, na ƙi, tun da matsin da ke cikinsa ya fi ƙarfin ɗauri. Bayan an sa tiyoyin biyu, an ɗaga gaban motar a jak, an murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe wajen sau 20 inji a kashe ana ƙara mai, har kumfar da ke cikin mazubin ta ɗauke. Kukan ya ragu ƙwarai amma bai tafi duka ba, musamman da sanyin safiya, kuma bakaniken yana ganin famfon ya ji jiki a makonnin da na yi ina tafiya da shi babu isasshen mai. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar jiya da dare, yau da asuba na duba babu ko ɗigo.